Dalilin da Ya Sa Ake Fara Zuba Mini Abinci

Ba zan taɓa mantawa da yinin wata Talata a Makka, a unguwar Ka'akiyya ba, ko da yake Allah Ya sani na yi iyakar ƙoƙarina in manta. Shekaruna sun kai inda sunayen wasu daga cikin malaman da suka karantar da ni suke kuɓuce mini, Allah Ya gafarta mini, amma wannan yini ya ƙi gushewa. Kuma gara in faɗa wa mai karatu tun daga farko cewa har yanzu da nake wannan rubutu raina a ɓace yake. Abin da na kasa tantancewa shi ne da wa nake fushin: da mamaci, ko da ɗansa, ko da ni kaina.

Ni mutumin Zariya ne. Na yi karatun zaure shekara da shekaru, fiƙihu da nahawu da lugga, kafin Allah Ya ƙaddara mini zaman Makka. Ina zaune a unguwar Utaibiyya da iyalina, iƙamata, wato takardar izinin zama, a hannu, ina aiki a Ka'akiyya a wani babban matbak, wato gidan girki da ke ciyar da alhazai da masu umara a masaukansu. Aikina shi ne sa ido a kan yanka da tsarkin nama, sannan in ja ma'aikata salla a ɗan masallacin da ke cikin harabar. (Idan ka taɓa cin shinkafa da kaza da suka fito daga wurinmu, ka kwantar da hankalinka, an ambaci sunan Allah a kanta. Da ba a ambata ba, da unguwar gaba ɗaya ta ji muryata.)

Mai matbakin wani Balarabe ne da ba mu cika ganinsa ba. Wanda ke gudanar da komai, wato mudir, shi ne Haji Abdulƙadir, Ba'indiye Musulmi daga wani ƙauye na bakin teku a kudancin ƙasarsu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ban taɓa ganin shugaba irinsa ba, kuma fushin da nake yi da shi ba zai sa in tauye masa wannan shaida ba. Ya karɓi wurin yana da tukwane kaɗan, ya bar shi motoci na layi a ƙofarsa. Ya san sunan 'ya'yan kowane ma'aikaci, Bahaushe ne ko Ba'indiye ko ɗan Bangaladash. Idan mai wanke tukwane ya kwanta asibiti, Haji ne zai fara isa da 'ya'yan itace a leda. Shekara goma sha ɗaya na yi tare da shi, ban ji ya ɗaga wa ɗan Adam murya ba ko sau ɗaya.

Yana da wata al'ada da duk wanda ya yi aiki a can ya san ta. Kullum bayan sallar azahar sai a shimfiɗa leda a ƙasa a babban zauren cin abinci, ma'aikata su zauna sahu-sahu. Sai Haji ya fito daga ofis, ya cire agogonsa, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki ludayi, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana zuba musu da hannunsa. Shi kuwa ba ya ci sai kowa ya samu, sau da yawa ƙanzo kawai yake tararwa a gindin tukunya. Ba ya bin sahu yadda aka zauna, yana da nasa tsarin a ransa. A wannan tsari kuwa, ni ake fara zuba wa. Duk inda na zauna, zai ratsa mutane ya zo gabana, ya ɗan rusuna, ya ce, "Tafaddal, ya Shaihu," ya zaɓo mini tsoka mai kyau.

Ni kuwa na fahimci abin yadda duk wani mai karatu zai fahimce shi: mutum ne da ya san darajar ilimi. Nakan karɓi farantin da natsuwa, in sunkuyar da kai kamar mai tawali'u, alhali ta gefen ido ina duban ko kowa ya gani. Wanda ake zuba wa a ƙarshen ƙarshe, dab da Haji kansa, shi ne Ilu, wani mutumin Maraɗi mai kula da manyan tukwane, wanda karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Ina tausaya masa a zuci. Har nakan ce Allah Ya raba darajoji tsakanin bayinSa, kowa da matsayinsa.

Akwai kuma wani abu. Idan rigima ta taso tsakanin ma'aikata, Haji ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Sai ya tara dattawa biyar daga cikinmu su zauna su sasanta. Ilu ba ya rasa kasancewa a cikin biyar ɗin nan. Ni kuwa, duk lokacin da na miƙe zan shiga, sai Haji ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "La, la, ya Shaihu, wannan ƙaramar magana ce, ba ta kai gare ka ba. Kai dai ka yi mana addu'a." Sai in koma in zauna ina jin daɗi. (Ka ga irin wautar da ilimi ba ya maganinta.)

Da Allah Ya karɓi ran Haji, aka yi masa salla a Harami, aka rufe shi a nan Makka kamar yadda ya daɗe yana roƙo. Mai matbakin ya ɗora ɗan marigayin, Anwar, a kan kujerar mahaifinsa. Anwar haifaffen nan ne, Larabci a bakinsa kamar na 'yan gari, ya kuma yi karatun sarrafa kamfani a jami'a. Tun makon farko ya bayyana cewa shi ba zai iya riƙe komai a ka yadda mahaifinsa ya yi ba, don haka zai naɗa mushrif, wato mai kula da dukkan ma'aikata Hausawa, kuma sunaye biyu ke gabansa: nawa da na Ilu.

Ina son wannan matsayi, ba zan ɓoye ba. Gwiwoyina sun gaji da tsayuwar mayanka, mushrif kuwa yana da ɗan ofis da kujera da na'urar sanyi. Amma ba wannan ne babban dalili ba. Babban dalilin shi ne na riga na sanar da iyalina, na sanar da maƙwabta a Utaibiyya, har na ba wani tela a Rusaifa ɗinkin sabuwar jallabiya. A wurina haɗa sunana da na Ilu ma cin fuska ne, wanda na ɗauka ƙuruciya ce ta sa Anwar ya yi shi.

Ranar Talatar nan Anwar ya tara mu duka a zauren cin abinci bayan azahar, kafin a zuba abinci. Ya ce zai yi mana bayanin yadda mahaifinsa ya tafiyar da wurin, don mu ci gaba a kai, sannan ya faɗi wanda ya zaɓa. Ya kafa majigi yana haska hotuna a bango. Da yake da Larabci zai yi magana, kuma cikinmu akwai sababbin zuwa da ba su fara ji ba, sai ya roƙe ni in zama tafinta. Na miƙe cikin sabuwar jallabiya na tsaya kusa da shi, ina ganin wannan ma wata alama ce.

Ya fara da hoton wani tsohon gida mai jan rufi a tsakiyar bishiyoyin kwakwa. Ya ce a nan mahaifinsa ya girma, a hannun kakarsa, cikin gida ɗaya da baffanni da matansu da 'ya'yansu, tukunya guda. Ya ce shi ya je jami'a ya karanta littattafan Turawa a kan shugabanci, amma da ya dawo sai ya tarar mahaifinsa ya riga su, kuma ba a makaranta ya koya ba, a gidan nan ya koya. A ƙasarsu, in ji shi, wurin aiki gida ne, shugaba uban gida ne, uban gida kuwa ba ya ci sai kowa ya ci. Zaman dattawa biyar ma haka ƙauyukansu suke yi tun kaka da kakanni. "Duk abin da kuka gani a wurin babana," in ji Anwar, "tushensa al'adar Indiya ce."

Ina fassarawa, jinina yana hawa. Al'adar Indiya! Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kallon Ka'aba, ya rasu a Makka, aka sallace shi a Harami, ɗansa ya tsaya a gaban Musulmi yana jingina kyawawan halayensa ga ɗakin girkin wata tsohuwa? Na daure na fassara jimla biyu, a ta uku na kasa. Na ɗaga hannu na ce, "Ya waladi, dakata."

Ya dakata, da ladabi.

Na juya ga jama'a, na yi magana da Larabci, na maimaita da Hausa, don kada kowa ya ce bai ji ba. (Wannan shi ne kuskurena na farko. Da da harshe ɗaya na yi, da rabin zauren kawai suka zama shaidu a kaina.) Na ce kyawun hali ba shi da tushe sai addini. Na ce al'ada baiwa ce, shari'a ce uwargijiyarta, ba a karɓarta sai idan ta bi. Na ce tawali'un shugaba, da ciyarwa, da shawara, duk malamanmu sun yi musu babi-babi tun kafin a gina wancan gida mai jan rufi.

Anwar ya ce a hankali, "Sahihi, ya Shaihu. Kakar babana mai salla ce mai azumi. Sai dai maƙwabtanta da ba Musulmi ba su ma haka suke yi a gidajensu, shi ya sa na ce al'adar ƙasar ce."

Wannan ya ƙara tunzura ni. Na ce, "To, bari in kawo maka hujja daga aikin mahaifinka kansa, wadda ba ka da amsarta. Shekara goma sha ɗaya, wa yake fara zuba wa abinci a zauren nan? Jama'a, wa yake fara zuba wa?"

Aka amsa, "Kai ne, Malam."

"Don me? Don ni ne mafi tsufa? A'a, akwai waɗanda suka girme ni. Don ni ne mafi dukiya? Kun san ba haka ba ne. Ya yi ne don ya san haƙƙin ilimi da ma'abotansa, wannan kuwa addini ne ya koya masa, ba kakarsa ba. Ya jera mutane bisa darajarsu, na farko ya san kansa, na ƙarshe ma ya san kansa." A nan na dubi Ilu. Wallahi na dube shi, kowa kuma ya ga na dube shi. "Wanda yake son ya san wa Haji zai zaɓa da yana raye, ya dubi ludayinsa."

Na tsaya ina jiran kabbara. Ba a yi ba. Indiyawan da suka daɗe a wurin duk sun sunkuyar da kai, wani tsohon mai dafa biriyani ya toshe bakinsa da gefen mayafinsa. Anwar ya dubi majiginsa, ya dube ni, ya ce, "Halas, ya Shaihu. Akwai magana a kan wannan a cikin abin da na shirya, amma mu wuce ta. Ba dole ba ce."

Yaron nan ya buɗe mini ƙofar tsira, ina tabbatar da haka a gaban Allah. Ni na rufe ta da hannuna. Na ce, "Ba za a wuce ba. Ilimi ba a ɓoye shi. Faɗi, ni kuma in fassara."

"Ya Shaihu, don Allah."

"Na ce ka faɗa!"

Ya ja numfashi. Sannan ya ce, idonsa a ƙasa, kakar mahaifinsa tana da ƙa'ida a wajen rabon abinci, mahaifinsa kuma ya sha gaya masa ita. A gida mai yawa, takan fara zuba wa wanda ya fi kowa saurin fushi, domin mai zafin rai idan yunwa ta haɗu da shi sai ya hana kowa cin abinci cikin kwanciyar hankali. A cika masa baki tukuna, sauran su samu lafiya. Daga nan sai ta bi mutane gwargwadon haƙurinsu. Wanda take bari a ƙarshe, kusa da kanta, shi ne wanda ta amince zai riƙe gidan idan ba ta nan.

Waɗanda ke jin Larabci sun ji, suna cije leɓe. Waɗanda ba sa ji suna kallona, suna jiran tafintansu. Sai Garba direba, wani Bakano da ya shekara ashirin a Makka, wanda Larabcin kasuwa ya fi zauna masa a baki fiye da ni, ya ɗaga murya daga baya:

"Allah gafarta Malam, mu fa ba mu ji ba. A fassara mana."

Shaiɗan ya zo mini a wannan lokaci da shawarwari masu kyawun gaske. Ya ce ka ce "mai kishin gaskiya" a maimakon "mai saurin fushi". Ya ce ka taƙaita, ai taƙaitawa fasaha ce. Amma tafinta amana ce a wuyansa, na karantar da wannan da bakina, kuma ba zan ci amana a cikin Makka don kare fuskata ba. Ban da haka, Garba yana zaune yana jira in karkata ko da harafi ɗaya ne. Sai na buɗe baki, cikin sabuwar jallabiyata, na fassara wa jama'a da Hausa tsantsa cewa marigayi yana fara zuba wa wanda ya fi kowa fitina ne, don a toshe masa baki mutane su ci abinci lafiya.

Dariyar ba ta fashe nan take ba. Wani ne ya fara tari a sahun tsakiya, sai ta kama kamar wutar kara. Da na yi shiru a nan, da wataƙila na tsira da ɗan abin da ya rage. Amma sai na ji kaina ina dukan teburin majigin da tafin hannu ina cewa, "Ni ne mai fushi? Ni? Wa na taɓa yi wa fushi a gidan nan? Ya tashi ya faɗa!" Majigin ya karkace, hoton gidan kakar ya koma kan silin. Garba ya ce, "Subhanallahi, a kawo wa Malam farantinsa, an yi latti yau." Har 'yan Bangaladash da ba su san Hausa ba sai da suka kwanta don dariya.

A tsaye a wurin nan abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na jefar da wuƙar wani mahauci a kwata don bai wasa ta yadda nake so ba. Ranar da na tsayar da iƙamar salla na yi wa mai gadi faɗa a kan warin albasa. Da kuma hannu biyun da Haji ke kama ni da su duk ranar sulhu, yana cewa maganar ba ta kai gare ni ba. Ashe ba girmana yake tsarewa ba, sulhun yake tsarewa daga gare ni.

Bai ƙare ba. Anwar ya gyara majiginsa, ya ce bisa wannan ƙa'ida ta mahaifinsa ya zaɓi Ilu ya zama mushrif. Ya dube ni, don har yanzu ni ne tafinta. Na fassara wannan ma. Sannan ya roƙe ni in rufe taro da addu'a, na yi, kuma ban taɓa yin addu'a mai gajarta irin ta ba.

Ilu ya zo ya durƙusa a gabana bayan an watse sahu, ya ce, "Malam, ku yi haƙuri. Wallahi ni ban san da zancen ga ba. Ni dai na ɗauka don ina kusa da tukunya ne ake bari na ƙarshe. Ku ne manyanmu, ba abin da za a yi ba da shawararku ba." Da ya yi mini dariya kamar sauran, da na sami abin kamawa. Wannan ladabin nasa ya fi dariyar Garba ƙona mini rai, domin a take ya nuna wa kowa cewa ludayin Haji bai yi kuskure ba.

Na koma Utaibiyya da la'asar ina huci, na zayyana wa mai ɗakina duk abin da ya faru, ina jiran ta taya ni jin haushin Indiyawa da kakanninsu. Ta saurara har na gama, tana tsince shinkafa. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "To Malam, ai ba sai an je Indiya ba. Ni da nake kai maka naka kafin in sallami yara shekara talatin, ka ɗauka don me?"

Ban ci abincin gidan ba ran nan. Ta ce ba komai, ta rufe mini shi, ta san zan nema.

Na yi kwana biyu ban je aiki ba, a na uku na koma, don yanka ba ya jiran mai fushi. Anwar ya riƙe al'adar mahaifinsa, shi ke ɗaukar ludayi yanzu, kuma ya ratso mutane ya fara da ni. Na duba na ga babu mafita: idan na ƙi karɓa cikin fushi na gaskata su, idan na karɓa na gaskata su. Na karɓa, tunda a ɗaya daga cikin biyun akwai nama.

Abin da na koya, kuma nake ba duk wani ma'abocin karatu shawara a kai, shi ne idan ka ga ana gaggawar girmama ka, ana sallamarka kafin kowa, kada ka yi saurin kafa hujja da shi a bainar jama'a. Ka fara bincika a ɓoye ko darajarka ake gani, ko sharrinka ake gudu. Tun daga ranar na ɗaura niyyar gyara halina, ina haɗiye magana, ina kirga matsayina a rabon abinci kamar yadda ɗalibi ke duban sakamakon jarrabawa. Bayan wata takwas na wahala, ran nan sai na ga an zuba wa mutum biyu kafin a zo kaina. Na san ci gaba ne, na san ya kamata in gode wa Allah. Amma da na ga ɗaya daga cikin biyun Garba direba ne, kuma shi aka ba cinyar kazar, sai na faɗi abin da na faɗa. Washegari aka mayar da ni na farko.